"Ta Taɓa Tashi" Ba Hujja Ba Ce: Haɗarin Kayan Gado a Ƙirar Kumbo



A duk taron da ake duba aikin kumbo, akwai maganar da ke saurin kwantar wa mutane da hankali. Da zarar an nuna wata na'ura aka ce "wannan ta taɓa tashi", sai tambayoyi su ragu, a wuce zuwa batu na gaba. Ba laifi ba ne a so kayan gado, wato na'ura ko zanen da ya taɓa tashi. Ƙera sabon abu na cin kuɗi da shekaru, kuma abin da ya je sararin samaniya ya yi aiki yana da shaidar da babu ɗakin gwajin da zai iya bayarwa. Rokar Soyuz ta Rasha jikanyar R-7 ce, wadda ta ɗaga Sputnik a 1957, kuma har yau ana hawanta. Turai ma ta ɗauki zanen Mars Express ta gina Venus Express a kansa, ta harba shi a 2005 cikin ɗan lokaci da rangwamen kuɗi.

Abin da na zo in faɗa shi ne: shaidar da na'ura ta samu ba tata ce ita kaɗai ba. Tata ce tare da yanayin da ta yi aiki a ciki. In yanayin ya sauya, shaidar ba ta biyo ta.

Mu fara da ranar 4 ga Yuni, 1996, a Kourou da ke yankin Guiana na Faransa. Rokar Ariane 5 ta yi tashinta na farko ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu na binciken kimiyya, waɗanda ake kira Cluster. Ba ta cika daƙiƙa 40 ba ta karkace, ta kakkarye, ta tarwatse. Kwamitin bincike ƙarƙashin Jacques-Louis Lions ya gano bakin zaren a na'urar da ke gaya wa rokar inda take da inda ta dosa, wadda aka gado da manhajarta daga Ariane 4.

A cikin manhajar akwai inda ake ɗaukar wata lamba mai alaƙa da gudun rokar ta gefe, a mayar da ita daga gurbi mai bit 64 zuwa mai bit 16, wanda ba ya ɗaukar abin da ya haura 32,767. Injiniyoyin Ariane 4 sun san da wannan. Sun yi lissafi, suka ga a hanyar da rokarsu ke bi lambar ba za ta taɓa cika gurbin ba, sai suka bar wurin ba kariya domin kada su yi wa kwamfutar nauyi. Lissafinsu daidai ne ga Ariane 4. Amma gudun Ariane 5 ta gefe yana ƙaruwa da saurin da ya ninka na yayarta kusan sau biyar. Gurbin ya cika, kwamfutar ta tsaya. Ta ko-ta-kwana kuwa ta riga ta tsayawa, domin manhaja ɗaya suke ɗauke da ita. Saƙon da ke cewa an samu matsala ya isa babbar kwamfutar rokar, ta ɗauke shi a matsayin bayanin tafiya, ta murɗe bakunan injinan har ƙarshe.

Abin takaicin, wannan sashen manhajar ba shi da wani amfani ga Ariane 5 bayan tashi. An bar shi yana aiki ne saboda wata buƙata ta Ariane 4, kuma ba a gwada na'urar da ainihin hanyar sabuwar rokar ba. Ba wanda ya ga dalilin taɓa abin da ke aiki.

Misali na biyu daga Amurka ne. An harba Mars Observer a Satumban 1992, aka daina jin ɗuriyarsa ranar 21 ga Agusta, 1993, saura kwana uku ya shiga kewayen Mars. An gina shi ne kan zanen taurarin ɗan'adam masu kewaya duniyarmu, waɗanda ake matsa wa tankunan mansu iska jim kaɗan bayan tashi. Shi kuwa sai da ya yi wata goma sha ɗaya yana tafiya kafin a yi masa haka. Abin da masu bincike suka fi rinjayarwa shi ne, a tsawon watannin nan wani sinadari ya riƙa tsiyaya ta bawul yana taruwa a bututu, da aka buɗe sai ya haɗu da man, bututun ya fashe. A nan ba gudu ne ya sauya ba, tsawon lokaci ne.

Na uku, kumbon Genesis, wanda ya faɗo a hamadar Utah a Satumban 2004 ba tare da laimarsa ta buɗe ba. An ɗora na'urorin da ke jin raguwar gudu, masu sa laimar ta buɗe, a juye. Gwajin da zai tona haka an maye gurbinsa da kwatanta zane da na kumbon Stardust da aka gada, saboda an amince da gado.

A wajenmu ba a raba gado sai an biya bashin mamaci. Haka tsohon zane yake: yana zuwa da bashin zato-zaton da masu shi suka yi, galibi ba a rubuce ba, kuma wanda ya gada shi ne zai biya. Don haka duk injiniyan da aka miƙa wa kayan gado, wajibi ne ya yi tambaya uku.

Ta farko: shin ainihin abin ne, ko mai kama da shi? In an sauya masana'anta, ko ƙarfe, ko wanda ke haɗawa, ko inda aka ɗora shi, to sabo ne, a gwada shi a matsayin sabo. Ta biyu: me ya sauya a kewayensa? Zafi da sanyi, girgizar tashi, tiririn rana, gudu, tsawon tafiya, da sauran na'urorin da zai yi magana da su. A jera tsohon yanayi da sabo gefe da gefe, da alƙaluma. Ta uku: ina dalilan? Zane yana nuna abin da aka yi, ba ya faɗin me ya sa. In waɗanda suka san dalilin sun yi ritaya kuma ba su bar rubutu ba, rabin gadon ya salwanta.

Kada wani ya ce hakan ba ya yiwuwa. Kumbon Phoenix da ya sauka lafiya a Mars a Mayun 2008, an ƙera gangar jikinsa ne domin tafiyar 2001, aka jingine shi bayan ɓacewar ɗan'uwansa Mars Polar Lander a 1999. Da aka ɗauko shi, sai aka shafe shekaru ana farautar lahaninsa ana gyarawa, domin kowa ya san zanen ya taɓa faɗuwa. Tsoro ya sa an yi masa binciken da amincewa ta hana a yi wa na'urar Ariane 5.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Najeriya mai saye ce a wannan kasuwa: NigeriaSat-1 na 2003 a Surrey ta Ingila aka ƙera shi, NigComSat-1 kuma a Sin, wanda aka harba a 2007 ya daina aiki a 2008 saboda matsalar lantarkin rana, har aka maye gurbinsa a 2011. Mai sayarwa zai ce maka zanensa ya taɓa tashi. Hakkin injiniyanmu ne ya tambaya: sau nawa, a wane kewaye, na tsawon wane lokaci, kuma me aka sauya tun daga nan?

Ɗalibai, ku saba da wannan tambayar tun daga aikinku na kammala karatu, duk lokacin da kuka ari manhaja ko zanen wani. Malamai kuma, mu riƙa ba da maki ga wanda ya rubuta dalilin zaɓinsa, ba ga wanda na'urarsa ta yi aiki kawai ba, domin wani ne zai gaji abin da suka gina.