Kutuku Ba Ya Kwantar Da Zuciya



Akwai mutumin da zuciyarsa ba ta da tsaka-tsaki. Da safe yana ƙaunarka kamar ransa. Da la'asar, domin ka yi jinkirin amsa gaisuwa, ya ce ka yashe shi. Likitoci sun san wannan ciwo ne, yana kuwa jin magani. In abin ya taso, sai ya bar rumfarsa a kasuwar Ajame, ya nemi kutuku. Ya huce na sa'a guda. Amma giya takan cire ɗan linzamin da ya rage, gari ya waye da kunya, zuciya ta fi ta jiya zafi.

Ko kai ne? Ka tuna da annabi Iliya, sa'ad da ya kwanta a jeji yana roƙon mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Abinci da ruwa ya aiko masa, ya bar shi ya yi barci, kana daga baya ya yi magana da shi.

In ta taso maka daren nan, kada ka zauna kai kaɗai. Ka ci abinci, ka kira wani amintacce, ku yi addu'a tare. Gobe ya raka ka wurin likita, ko a asibitin Bingerville.