Ciyar da Ɓeran Masar: Jawabin Malamin Gona ga Manoma

 

Yau zan yi magana a kan wata 'yar dabba da yaranmu ke kiwo a bayan ɗaki, wato ɓeran Masar. Ko da yake sunansa ke nan, asalinsa daga tsaunukan Amurka ta Kudu ya fito, wajen ƙasar Peru. A can, da wasu sassan Kamaru da Kwango, manya ne ke kiwonsa don nama da sayarwa. Kashinsa kuma taki ne mai kyau ga lambu.

Da ranin bara wani yaro ya kai ni ganin nasa. Guda takwas ne, biyar sun mutu, sauran ba sa iya tafiya sosai. Na tambaye shi abin da yake ba su, ya ce dusa da ragowar tuwo. To, matsalar ke nan.

Ku lura da kyau. Akuya da zomo jikinsu na yin sinadarin bitamin C da kansa. Ɓeran Masar kuwa, kamar mutum, sai ya ci shi a abinci, kuma a ɗanyen ganye da 'ya'yan itace ake samunsa. In ya rasa shi mako biyu zuwa uku, sai gaɓoɓinsa su kumbura, dasashinsa ya yi jini, gashinsa ya tashi, ya daina ci. Mace mai ciki ita ta fi shan wahala.

Saboda haka ga abin da za a yi:

1. A ba su ciyawa ko harawar gyaɗa ko ta wake, kada mazubi ya zauna babu komai. Haƙoransu ba sa daina tsiro, tauna ciyawa ce ke rage su. In suka yi tsawo, dabba ba ta iya ci.

2. Kowace rana a ƙara ɗanyen ganye: ganyen dankalin Hausa, ko zogale, ko alayyahu, ko kabeji kaɗan. Yankan gwaiba ma yana da bitamin C da yawa. Da rani busasshiyar harawa ba ta isa, sai a nemi ganye a lambu ko fadama.

3. Dusar masara ko ta alkama ƙari ce kawai, cokali ɗaya ko biyu ga kowane babba a yini. Wadda ta yi fumfuna a zubar.

4. Ruwa mai tsabta kullum. Masu cewa wai ba sa shan ruwa, kuskure ne.

Ga kuma abin da za a guje wa. Kada a ba su albasa, ko tafarnuwa, ko ganyen dankalin Turawa, ko abinci mai gishiri da mai. Kada a yanko ciyawa a gonar da aka yi wa feshi. In za a sauya musu abinci, a yi a hankali cikin mako guda, in ba haka ba zawo ya kama su. Kada kuma a ba su maganin da aka saya don kaji ko tumaki. Penisilin na kashe su. A tambayi malamin dabbobi tukuna.

In kun ga suna cin kashinsu mai laushi, ku ƙyale su. Halittarsu ce, suna samun amfani a ciki.

Mace na ɗaukar ciki kamar kwana 68, ta haifi biyu zuwa huɗu. 'Ya'yan na fitowa da gashi da haƙora, su fara taɓa ganye cikin 'yan kwanaki, a yaye su bayan mako uku. Uwar da ta ƙoshi ita ke raya 'ya'yanta.

Iyaye, ku riƙa leƙa akurkin nan. Yaron da ya koyi kula da ƙaramar dabba, gobe shi zai riƙe muku garke. Mai tambaya ya nemi malamin gona na yankinsa.

Allah Ya ba mu sa'a, amin.