Layi Uku a Aljihu Ɗaya

Jawabin da ɗan takararmu na majalisar dokoki ya yi wa ƴan kasuwa, manoma da matasa a Ɗan Isa, cikin watan Disamba na 2020.

Iyayenmu sarakuna da masu gari, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya ƙara sani. Iyaye mata, ƴan kasuwa, manoma da matasa, sannunku da fitowa cikin wannan sanyi.

Yau magana ɗaya na zo da ita, kuma tana cikin aljihun kowa. Ina roƙon ku fiddo wayoyinku. Wanda yake da layi ɗaya tak, ya ɗaga hannu. Kun gani, hannuwan ba su da yawa. Mafi yawanmu biyu ne ko uku. Ɗaya don kiran ƙauye, saboda shi kaɗai yake kamawa a can. Ɗaya don garaɓasar da ake bayarwa da dare. Na ukun na Najeriya ne, don dillalin Jibiya, da mai shago a Katsina, da ɗan uwa a Kano. A ofisoshin Yamai, idan aka ƙirga layukan nan sai a ce an ci gaba, mutane sun rungumi waya. Mu da muke riƙe da su mun san dalili. Mutumin da kamfani ɗaya ya biya wa bukata ba ya yawo da layi uku.

Kamfanoni huɗu ne a ƙasar nan. Akwai Airtel, wanda dattawa suka sani da Celtel, ya koma Zain a 2008, sannan ya zama Airtel a 2010. Akwai Moov, wanda da ake kira Telecel, yanzu yana hannun Maroc Telecom. Akwai Orange, wanda ya shigo a 2008, aka sayar da shi ga Zamani Com a 2019. Sai Niger Telecoms, na gwamnati, wanda aka kafa a 2016 da aka haɗe Sonitel da SahelCom. Sunaye sun canza, fentin shaguna ya canza sau da yawa, amma hanyar cinikin tana nan yadda take: kai za ka fara biya, sannan a yi maka aiki.

Ku tsaya kan wannan, don a nan maganar take. Tela sai ya ɗinka kake cika masa kuɗinsa. Mai gini sai ka ga bango ya tashi. Amma kati, ka kankare, ka loda, kuɗinka ya shige. In kira ya tsinke a tsakiyar magana, an riga an cire. In mega ta ƙare wa'adi ba ka taɓa ta ba saboda babu rezo, ta tafi. Ba ka da abin da za ka riƙe ka ce sai an gyara. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. To, ladan an ci. Wa zai tsaya ya tabbatar an yi askin? Wannan aikin hukuma ne, kuma don shi aka kafa ARCEP.

Bari in ba ku abin da ya faru a gidanmu. Na tura wa gwaggona katin jika ɗaya, don ta riƙa kirana in wani abu ya taso. Da ta tashi kira, aka ce kuɗinta bai isa ba, alhali ko sau ɗaya ba ta kira kowa ba. Da na duba wayar, sai na tarar kullum ana cire mata ƴan daloli saboda wata waƙa da mai kiranta yake ji. Saƙo ne ya shigo da Faransanci, ta danna don ya ɓace daga fuskar wayar, ashe ta amince ke nan. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don ba shi na zo tuhuma ba. Tambayata ita ce, tsohuwar da ba ta karanta Faransanci, ina za ta kai kukanta? Kuma tsofaffi nawa ne irinta daga nan zuwa Madarunfa?

A 2017 hukumar, lokacin sunanta ARTP, ta ci kamfanonin nan huɗu tarar sama da miliyar 3 na sefa saboda rashin ingancin aiki. Mun ji a rediyo, mun ce madalla. Amma a cikinku wa aka mayar wa da ko dala ɗaya? Ku aka cuta, wani ya karɓi diyya.

Yanzu mu zo kan abin da ya shafe mu musamman, mu mutanen bakin iyaka. Tsakanin Nijar da Najeriya akwai iyaka ta kusan kilomita 1,500, kuma rezo bai san duwan ba. Eriya ɗaya, in fili ne, tana iya kaiwa har kilomita 35. Wayarka kuwa, in rezon kamfaninka ya yi rauni, da kanta take neman wanda ya fi ƙarfi. Shi ya sa kana zaune cikin gonarka, a ƙasarka, sai saƙo ya shigo yana yi maka maraba da zuwa Najeriya. Daga lokacin nan kai baƙo ne a wajen kamfani, kuma da farashin baƙo za a caje ka. Kafin a gyara doka, ga abin da za ku yi yau: ku ba yaro wayar, ya shiga wajen zaɓen rezo, ya cire ta daga mai zaɓa da kanta, ya kafe ta kan kamfaninku. Ba ya ɗaukar minti biyu.

Gyaran gaskiya kuwa yana nan a rubuce. A watan Disamba na 2017, CEDEAO ta amince da dokar da ta ce ɗan yankin nan in ya shiga wata ƙasa ta ƙungiyar da layinsa, zai amsa kira kyauta har kwana 30, kuma in ya kira cikin ƙasar a caje shi kamar ɗan gida. A lokacin Nijar da Najeriya duk suna cikin ƙungiyar. Daga Yunin 2019 zuwa Satumbar 2020, shugaban ƙasarmu ne yake riƙe da shugabancin CEDEAO. Wata 14 kujerar tana hannunmu. Yau shekara 3 da dokar, wa ya tsallaka Jibiya da layinsa na nan ya ga sauƙi?

Kuma kun san lokacin da muka fi bukatar wannan sauƙi. Tun Agustan 2019 da Najeriya ta rufe iyakarta, ciniki ya koma cikin waya. Mai wake, mai dabbobi, mai canjin naira, kowa da waya yake jin farashi kuma da ita yake bin bashinsa. A tsakiyar wannan wata an buɗe Illela da Maigatari, tamu ta Jibiya har yanzu shiru. A makon nan kuma gwamnatin Najeriya ta ba da umarnin a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa, wanda ba a haɗa ba za a rufe shi. Ƙasarsu ce, dokarsu ce, ba mu da ta cewa. Amma wanda ba shi da lambar, in aka rufe masa layin da duk abokan cinikinsa suka sani, sai ya koma kiran +234 da layin gida, da tsadar kiran ƙasar waje. Da an aiwatar da dokar 2017, da abin ya zo da sauƙi.

Sai maganar haraji. Akwai harajin da ake ɗorawa kan duk kiran da ya shigo Nijar daga waje. A kasafin kuɗin 2018 aka cire shi, a cikin kasafin da ya ɗora wa talaka sabbin haraji har mutane suka fito kan titi, aka kulle shugabannin ƙungiyoyin farar hula. A kasafin 2019 kuma aka dawo da shi. Su wa suke kiran Nijar daga waje? Ƴaƴanmu ne da suka tafi ci-rani Kano, Legas, Abijan, Aljeriya da Libiya. Yaron da yake ɗaukar bulo a can, shi yake taƙaita gaisuwa da mahaifiyarsa saboda kati yana gudu. A ƙarshen 2018 ma hukumar haraji ta garƙame ofisoshin Orange da na Airtel a Yamai kan rikicin miliyoyi dubbai, shekara guda bayan nan Orange ta sayar ta bar ƙasar. Dole kamfani ya biya haraji, ba mu ja da wannan. Abin lura shi ne, in kuɗin baitulmali ne ana sa kwaɗo a ƙofar ofis, in kuɗin gwaggona ne babu mai motsawa.

Zan yi wa kamfanonin adalci. Kafa eriya a ƙauyen da babu lantarki yana da tsada, sai da injin da gazuwal ko farantan rana, sai da mai gadi. Ƙasarmu ba ta da teku, intanet ɗinmu sai ya ratso ƙasashen maƙwabta. Ga matsalar ƴan bindiga da ta addabi wannan yanki. Duk gaskiya ne. Saboda haka ne ma gwamnati take da hakkin kai rezo inda kamfani ba ya ganin riba. A watan Yulin bana Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin kai sadarwa ƙauyukan Nijar. Muna son jerin sunayen ƙauyukan, a karanta shi a rediyo da Hausa. Garin da aka kai wa hari da dare, sai wani ya hau tudu ko bishiya kafin ya samu ya kira jandarma, shi ya kamata a fara kai wa eriya.

Wayoyin da ke hannunmu fa? Dubi na kusa da kai, da wuya in ba itel ba ce ko Tecno, ko Infinix a hannun matasa. Duk ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Ba da talla kaɗai suka ci kasuwar Afirka ba. Sun zo sun duba yadda muke rayuwa. Sun ga muna yawo da layi biyu, suka yi waya mai ɗaukar biyu. Sun ga babu wuta, suka sa batir mai kwanaki, suka ƙara tocila da rediyo. Mutumin Sin ya fahimci halin ɗan Ɗan Isa, ya ci riba da fahimtar. Mu da muke neman ƙuri'arku, ba mu da uzurin kasa fahimta.

Sai dai a kasuwa akwai ta gaske, akwai jabu, kuma araha ba ta ado. Kafin ka biya, danna *#06#. Lamba 15 za su fito, ka gwada su da waɗanda ke jikin kwali. In sun saɓa, ajiye ta. Ka karɓi takardar ciniki, ka adana kwalin, don ranar da aka sace wayar wannan lambar ce shaidarka. Kuma in kana lissafin araha, ka haɗa da kuɗin caji. Wanda yake biyan dala 20 wajen mai caji kowace rana ta uku, a shekara ya kashe sama da jika 12. Waya mai riƙe caji, ko da ta ɗara tsada, ta fi sauƙi a ƙarshe.

To, in kun aika mu majalisa, ga abin da za mu tsaya a kai, kuma ku adana wannan takarda don ku tuhume mu da ita.

Na ɗaya, kada a cire wa kowa ko dala kan abin da bai nema ba. Amincewa ta zama sau biyu, cikin harshen da mutum yake ji, kuma a samu lamba guda ta kashe duk irin waɗannan saƙonni. Maƙwabtanmu suna da 2442 tun 2016, suna da 622 ta kai ƙara kyauta. Da yawanku kun taɓa amfani da su.

Na biyu, in an ci kamfani tara saboda rezo ya lalace, a mayar wa mutanen yankin da abin ya shafa kati ko mega cikin wayoyinsu.

Na uku, mutum ya iya canza kamfani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Gana ta fara a 2011, Najeriya a 2013. Kamfanin da ya san za ka iya tafiya da lambarka zai riƙe ka da mutunci.

Na huɗu, gwamnati ta zauna da ta Najeriya a aiwatar da dokar CEDEAO, a fara da garuruwan bakin iyaka. A kuma daidaita eriyoyin ɓangarorin biyu don kada a caji mutum kuɗin baƙo yana cikin gidansa.

Na biyar, ARCEP ta riƙa auna ingancin rezo gunduma gunduma, ta bayyana sakamakon a gidajen rediyo, kowa ya ji kamfanin da ya cika alkawari a yankinsa da wanda ya gaza. A kuma kawo harajin kiran waje gaban majalisa, a faɗa wa jama'a nawa yake kawowa da inda yake tafiya.

Ba zan yi muku alkawarin waya kyauta ko kati kyauta ba, wanda ya ce zai ba ku, ku tambaye shi inda zai samo. Abin da muke nema shi ne wanda ya biya jika ɗaya ya samu aikin jika ɗaya.

Ranar Lahadi 27 ga wata, ku fito da katin zaɓenku da sassafe. Ku kira ƴan uwa na ƙauye ku tuna musu, in rezo ya bari. In bai bari ba, ku tafi da wannan takarda ku karanta musu. Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.