Kafin Ka Sake Sana'a, Ɗauki Alƙalami

Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, musamman na Agye da Gazawa da Gidan Runji. Yau maganarmu a kan sake sana'a take.

Sake sana'a ba baƙon abu ba ne a jihar Maraɗi. Iyayenmu da gyaɗa suka dogara, kamfanin SONARA yana saye. Fari ya zo a 1973, ciwon gyaɗa ya biyo baya a 1975. Da yawa suka koma noman wake, wasu aya, wasu fatauci. Mu ma mun ga namu. A watan Mayu na 2023 Najeriya ta janye tallafin man fetur, mai ya yi tsada can. Ƴan ruwa-ruwa masu sayar da mai a kwalba bakin hanya suka ga riba ta ƙafe. A watan Agusta na shekarar kuma aka rufe iyaka. Magidanta da yawa suka wayi gari ba abin yi.

To, ɗan'uwa, in sana'arka ta daina ciyar da gidanka, yaya za ka yi? Yanzu ka iya karatu da rubutu. Ɗauki littafinka, mu bi matakai biyar.

Na ɗaya, rubuta abin da ka riga ka iya. Sana'ar da ta fi kusa da tsohuwar ita ta fi saurin kamawa. Wanda ya sayar da mai ya san ƴan kabu-kabu kaf. In ya koyi faci ko gyaran babur, masu kawo masa aiki suna nan. Ke ƴar'uwa da kika iya soya gyaɗa, mai da ƙuli-ƙuli ba su yi miki nisa ba.

Na biyu, tafi kasuwa da ido, ba da kuɗi ba. Je Cadawa, ko Gazawa, ko Tsibiri ranar kasuwa. Ƙirga teloli nawa ne, masu walda nawa, masu gyaran waya nawa. Duba inda mutane suke tsaye suna jira. Inda ake jira, nan aiki yake. In teloli goma suna zaune suna hira, kada ka zama na sha ɗaya.

Na uku, yi lissafi. A ce gidanka yana cin jika 1 a rana. A ce koyon zai ɗauki wata 3, wato kwana 90. Jika 90 ke nan, kafin ka samu ko dala. Ina za ta fito? Saboda haka lokacin koyo shi ne rani, bayan an sa hatsi a rumbu. Kada ka sayar da gona don jari. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Na huɗu, nemi mai koya maka. Ka je wurinsa da sassafe, tare da dattijon da ya san halinka. Ku yi magana a fili: wata nawa, nawa za ka biya, wa zai ba ka abincin rana. A rubuta a takarda, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu. Akwai kuma cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati da ake kira CFM, inda matasa ke koyon ɗinki, walda da kafinta. Tambaya a ofishin magajin garinku.

Na biyar, gyara takardunka. Mai neman aikin albashi, kamar gadi ko tuƙi, za a tambaye shi takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, direba kuma har da takardar tuƙi. Wanda ba a yi masa takardar haihuwa da wuri ba, ta gidan shari'a zai same ta. A Maraɗi akwai ofishin ANPE, inda masu neman aiki ke rubuta sunansu.

Ga gargaɗi. In wani ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka aiki a Yamai ko a ƙetare, ce masa ya nuna takarda. Karanta ta da kanka, sannu a hankali. In ya ce sauri yake, bar shi ya wuce. Kuɗinka ya tsira.

Kada girma ya hana ka zama ɗan koyo. Da ka shigo ajinmu, ko baƙi ɗaya ba ka sani ba, ga shi yau kana karanta wannan shafi.

Aikin gida: kowa ya rubuta sana'a 3 da ya ga babu isassun masu yinta a garinsu, ya kai wa malaminsa a tattauna a aji.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.