Ƙuda da Gizo-gizo a Idon Kyamara: Jawabi ga Malaman Reshe



Mu malaman kimiyya mun daɗe muna kokawa da rashin ɗakin gwaji da na'urar ƙara girman abu. Koken yana nan, kuma ba za mu fasa kai shi inda ya dace ba. Sai dai kafin a share mana hawaye, akwai kayan aiki a aljihun kowannenmu, wato kyamarar waya. Da ita za mu iya koya wa ɗalibi ya dubi halitta da idonsa, maimakon ya haddace zanen da muka yi masa a allo. Gani ya kori ji.

Darasin farko ƙidaya ne. Ƙuda yana da ƙafa 6, jikinsa kashi 3: kai, ƙirji da ciki. Gizo-gizo ƙafarsa 8, jikinsa kashi 2, ba shi da fiffike, kuma galibi idanunsa 8 ne. Abin da ya raba dangin ƙuda da sauran ƙwari masu tashi shi ne fiffike 2 kacal. A bayansu akwai wasu 'yan ƙananan sanduna masu kan kulki da ke daidaita masa tashi. Da wannan ma'auni ɗalibi zai gane cewa sauro ɗan gidan ƙuda ne, shi kuwa ƙudan zuma, mai fiffike 4, suna kawai ya ara.

Darasi na biyu shi ne karin maganar nan, kama da wane ba ta wane. Akwai ƙudan da ke shawagi a kan furanni sanye da ratsin baƙi da rawaya, sai ka rantse zuma ce, alhali ba shi da harbi. Manyan idanunsa da gajerun ƙahonninsa su ke tona shi. Akwai kuma gizo-gizon da ke kwaikwayon tururuwa, yana ɗaga ƙafafunsa biyu na gaba su zama tamkar ƙaho. Gizo na tatsuniya bai fi shi wayo ba, amma ƙidayar ƙafa tana kama shi.

Wannan ilimi ya wuce cin jarrabawa. Yawancin ɗalibanmu 'ya'yan manoma ne da makiyaya. Ƙudan tsando, mai yaɗa sammore ga shanu da ciwon barci ga mutane, idan ya sauka yakan ɗora fiffikensa ɗaya bisa ɗaya kamar rufaffen almakashi, bakinsa a miƙe gaba kamar allura, kuma a tsakiyar fiffikensa akwai zane mai siffar gatari. Ƙudan gida kuwa yakan bar nasa a ɗan buɗe. Haka sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro yakan sauka kai ƙasa, ciki sama, ba a kwance daidai da bango ba. Yaron da ya san waɗannan alamu ya koma gida da abin da zai amfani garken mahaifinsa da lafiyar ƙannensa.

Ga yadda za mu ɗauki hoton da zai yi amfani. Mu fita da sassafe, lokacin da sanyi bai saki ƙwari ba. Mu ɗauka daga sama, daga gefe, da kuma ta fuska. Mu ajiye tsinken ashana kusa don a gane girma, mu rubuta wuri da rana. Mu hana yara taɓawa da hannu.

A ƙarshe, mu koya musu tsayawa inda hujja ta tsaya. Nau'o'in gizo-gizo da masana suka tantance sun haura 50,000, na ƙuda sun haura 150,000, kuma da yawansu ba a raba su sai a ƙarƙashin na'ura. Manhaja irin iNaturalist tana ba da shawara, masana su duba su gyara. Ɗalibin da ya ce hoton ya kai shi ga dangi amma bai kai shi ga nau'i ba, ya cancanci maki cikakke.

Muna roƙon kowace makaranta a reshen nan ta zo taro na gaba da hotuna 10 da ɗalibanta suka ɗauka, mu zauna mu tantance su tare.