Akwatin Rediyo da Kunnen Gobir



Mu da muka tashi a Sabon Birni da Isa mun san yadda dattawa kan kewaye akwatin rediyo bayan sallar asuba, ana murɗa shi a hankali har muryar Landan ta fito sarai. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Ta gajeren zango suka riƙa iso mana, wanda sautinsa kan tashi sama, ya doki wani sashe na sararin samaniya, ya faɗo nesa. Babu shingen kan iyaka da ke tare shi.

Da wayar salula ta zo, sai muka ɗauka kwanan rediyo ya ƙare. Ashe da sauransa. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da namu, saboda yaƙi da 'yan bindiga. A lokacin, mai rediyo da batir biyu ya fi mai waya sanin halin da ƙasa take ciki.

Amma fa tashar wani ta wani ce. A watan Maris 2025 Muryar Amurka ta yi shiru bisa umarnin gwamnatinta, ba wanda ya shawarce mu. Saboda haka mu riƙe rediyonmu, mu saurari tasha fiye da ɗaya, mu auna abin da muka ji. Sa'an nan mu da muka yi boko mu riƙa rubuta labarin Gobir da kanmu, domin kayan aro ba ya rufe katara.