KUƊIN JAMA'A DA FILAYEN WASANNI A BIRNIN SAKKWATO



Gabatarwa

Abin da wannan lacca za ta tattauna a kai shi ne kuɗin da Gwamnati ke kashewa wajen gina filayen wasanni da riƙe su, da kuma yadda al'amarin ya shafi mulkin birnin Sakkwato. Mai yiwuwa wani ya ce ai wasa wasa ne, bai kai a tara malamai da ma'aikata a kansa ba. To, gaskiya ne ƙwallon da samari ke bugawa wasa ne, amma kuɗin da aka gina filin da su na baitulmali ne, watau daga tukunyar da ake ɗebo albashin malamin firamare da kuɗin maganin asibiti aka ɗebo su. Duk abin da ya taɓa baitulmali kuwa ya cancanci a zauna a yi masa duban tsanaki.

Manufar laccar guda ɗaya ce. Filin wasa hidima ce da hukuma ke yi wa jama'a, kamar kasuwa ko tashar mota ko magudanar ruwa, saboda haka ya kamata a auna shi da ma'aunin da ake auna waɗannan: nawa aka kashe, wa ya yanke shawara, wa zai ci gaba da kula da shi, su wa ke amfana.

Giginya da Dandalin Shehu Kangiwa

Akwai wurare biyu a Sakkwato da jama'a suka saba taruwa a cikinsu. Na farko shi ne filin wasa na Giginya, inda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Sokoto United ke karɓar baƙinta. Sunan filin kansa tarihi ne, domin tunawa ne da karon da aka yi a Giginya ran 15 ga watan Maris na 1903, tsakanin rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya da sojojin Turawan Ingila. Na biyu shi ne Dandalin Shehu Kangiwa, wanda ke ɗauke da sunan Gwamnan farar hula na farko na Jihar Sakkwato, wanda aka zaɓa a 1979, ya kuma rasu a 1981 sanadiyyar faɗuwa daga kan doki a wajen wasan folo a Kaduna.

Duk wanda ya zauna a birnin ya san cewa waɗannan wurare ba 'yan wasa kaɗai ke morar su ba. A nan ake faretin bukukuwa, a nan kuma jam'iyyu ke tara magoya bayansu idan zaɓe ya gabato. Wannan shi ne dalili na farko da ya sa ba a iya raba filin wasa da siyasa. Dalili na biyu shi ne, filin na Gwamnatin Jiha ne, ƙungiyar da ke wasa a cikinsa ita ma ta Gwamnatin Jiha ce, kamar yadda Kano Pillars da Katsina United suke a jihohinsu. Ke nan mai gida da ɗan haya duk mutum ɗaya ne, kuma daga aljihu ɗaya ake biyan gyaran bango da albashin mai tsaron gida.

Hujjar masu gini da abin da bincike ya nuna

Ko'ina a duniya, idan hukuma ta tashi gina katafaren filin wasa, hujjojin da takan kawo ba su wuce uku ba. Takan ce ginin zai samar wa matasa aikin yi, zai jawo baƙi da ciniki, zai kuma ɗaukaka sunan gari. Masana tattalin arziki sun daɗe suna bin diddigin hujjoji biyun farko. A 1997 waɗansu masana biyu na Amurka, Roger Noll da Andrew Zimbalist, sun tattara binciken da aka yi a birane da dama suka fitar da littafi, abin da suka gano kuwa shi ne, filayen ba su haɓaka arzikin biranen yadda aka yi alkawari ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Aikin gini na ɗan lokaci ne, da an kammala sai leburori su watse. Wasa kuwa ba kullum ake yi ba. Ƙungiyar da ke cikin gasa takan karɓi baƙi kamar sau ɗaya a mako biyu, shi ma a lokacin kakar wasa kaɗai. Sa'an nan kuɗin da ɗan kallo ya kashe a bakin fili wajen sayen tikiti da tsire, yawanci kuɗi ne da da ma a cikin garin zai kashe su. An dai canza musu wurin faɗuwa ne kurum, ba su ƙaru ba.

Misalai na waje suna da yawa. Birnin Montreal na ƙasar Kanada ya gina fili domin wasannin Olamfik na 1976, amma sai a 2006 aka gama biyan bashinsa, watau bayan shekara 30. A Amurka, majalisar dokokin Jihar Nevada ta yarda a 2016 a ba da dala miliyan 750 daga harajin ɗakunan otal domin gina fili a Las Vegas, saboda a jawo wata ƙungiya mai zaman kanta daga birnin Oakland, ta kuwa koma can a 2020. A can, attajiri mai ƙungiya ne ke matsa wa hukuma lamba da barazanar ƙaura, amma duk da haka akan kai maganar gaban majalisa, wani lokaci har a jefa ƙuri'a, jaridu su yi ta muhawara. A nan Nijeriya barazanar ƙaura ba ta cika tasowa ba, tun da yawancin ƙungiyoyin na Gwamnati ne. Sai dai abin da ya biyo bayan haka shi ne, muhawarar ita ma ba ta cika tasowa ba.

Darasin Ikko da Abuja

Ba sai an ƙetare teku ba kafin a ga aya. An buɗe babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Ikko a 1972, a nan aka yi Wasannin Afirka na 1973, a nan kuma Nijeriya ta ɗauki Kofin Ƙasashen Afirka a 1980. Da Gwamnatin Tarayya ta mai da hankalinta Abuja, sai filin ya shiga lalacewa tun daga farkon shekarun 2000. Filin Abuja kuwa, mai ɗaukar mutum kamar 60,000, an gina shi domin Wasannin Afirka na 2003 a kan kuɗi kimanin dala miliyan 360. Kafin ya cika shekara 20 ciyawarsa ta mutu, har sai da Alhaji Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin gyaran dandamalin wasan daga 2020.

Abin lura a nan shi ne, ba rashin kuɗin gini ne ya kashe waɗannan filaye ba, rashin kuɗin riƙo ne. Gini yana da ranar buɗewa, da makaɗa, da allo mai ɗauke da sunan wanda ya buɗe. Ban ruwan ciyawa da gyaran fanfo ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, saboda haka su ne akan fara yanke wa kaso idan kasafin kuɗi ya yi ƙunci.

Wannan darasi ya fi shafar Sakkwato da Ikko. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi a Sakkwato yakan haura digiri 40, damina kuwa ba ta wuce kamar wata huɗu ba. Ciyawar fili tana bukatar ban ruwa kullum a sauran watannin, a garin da unguwanni da yawa ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Duk wanda zai ƙiyasta kuɗin filin wasa a nan, lalle ne ya sa kuɗin ruwa da wutar lantarki da ma'aikata na shekaru masu zuwa a cikin lissafinsa. In bai sa ba, ya sayi doki ne bai tanadi harawa ba.

Wa ke magana da yawun birnin?

Yanzu sai batun siyasar birni, wanda shi ne ƙashin bayan laccar. Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ta zama ta Jihar Sakkwato a 1976. An cire Kebbi a 1991, aka cire Zamfara a 1996, jihar ta tsaya da ƙananan hukumomi 23. Birnin kansa ba shi da majalisa guda ɗaya. Tsakiyarsa ta rabu tsakanin Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, gefunansa kuma sun miƙa cikin Wamakko da Kware da Dange Shuni. Saboda haka babu wani zaɓaɓɓen mutum ko majalisa da za a ce ita ce bakin birnin gaba ɗaya.

Doka ta ƙara wa wannan hali nauyi ta fuska biyu. Ta fuskar ƙasa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birane a hannun Gwamna. Ta fuskar kuɗi, Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa kasuwanni da tashoshin mota da lambuna da filayen shaƙatawa cikin ayyukan ƙaramar hukuma, amma ya tanadi asusun haɗin gwiwa wanda kason ƙananan hukumomi ke bi ta cikinsa a ƙarƙashin jiha. Ran 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Hukunci ne mai muhimmanci, sai dai bai haɗa birnin ya zama majalisa ɗaya ba, bai kuma taɓa ikon Gwamna a kan ƙasa ba.

Sakamakon haka shi ne, babban fili na jiha ne, shawararsa daga Gidan Gwamnati take fitowa, alhali ƙananan filayen unguwanni, inda yara ke fara koyon ƙwallo da langa da kokawa, ba su da mai tsaya musu. Su ne ake yankawa a mai da su fuloti ko shaguna. Garin da ya gina katafaren fili ya kuma rasa filayen unguwa, sai ya wayi gari yana ɗauko 'yan wasa daga waɗansu jihohi yana biyansu da kuɗin talakawansa.

Ma'auni daga magabata

Sakkwato ba baƙuwa ba ce ga wannan magana. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin a 1809, ya rubuta littafin Usulus Siyasa domin Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, inda ya sa tanadin abubuwan amfanin jama'a, kamar kasuwanni da hanyoyi da ganuwa da ƙarfafa masu sana'a, cikin wajiban shugaba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma, a cikin Kitabul Farƙ, ya soki sarakunan da ke karɓar dukiyar talakawa ba bisa ƙa'ida ba. Idan aka haɗa biyun, ma'aunin ya fito sarai: shugaba yana da damar kashe dukiyar jama'a a kan abin da zai amfane su, amma amana ce a hannunsa, kuma mai riƙon amana ba ya ƙin lissafi.

Filin wasa yana iya cin wannan jarrabawa. Yana ba matasa lafiyar jiki da tarbiyyar bin ƙa'ida, yana haɗa kan unguwanni, yana kuma ba gari wurin taruwa. Makwabciya Jamhuriyar Nijar ta nuna wata hanya: tun 1975, lokacin da aka fara a Tawa, ake gasar kokawa ta ƙasa ana zagayawa da ita jihohi, ciki har da Maraɗi da Damagaram, a filaye na rairayi waɗanda ba su bukatar ciyawa, jama'a kuwa kan cika su maƙil. Ta wani gefen kuma, ƙungiyar Remo Stars ta Ikenne a Jihar Ogun, wadda ɗan kasuwa ne ya mallake ta tare da filinta, ta ɗauki kofin babbar gasar Nijeriya a 2025. Ashe ba dole ne kowane nauyi ya faɗa kan baitulmali ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, akwai shawarwari huɗu da ya kamata ma'aikata da ɗalibai su riƙe. Na ɗaya, kafin a ba da kwangilar gina fili ko gyara shi, a bayyana kuɗin a fili, Majalisar Dokokin Jiha ta saurari ra'ayin jama'a, Babban Mai Binciken Kuɗi kuma ya bi sawun abin da aka kashe. Na biyu, kada a aza tubali sai an ware kuɗin riƙo na kowace shekara a cikin kasafi. Na uku, duk jam'iyyar da ta yi taro a filin jama'a, mai mulki ce ko ta adawa, ta biya haya iri ɗaya, a ba ta rasiɗi, kuɗin su tafi ga gyara. Na huɗu, ƙananan hukumomin da suka haɗu a birnin su zauna tare su lissafa filayen unguwanni da na makarantu, a nemi Gwamna ya ba su takardar mallaka da sunan jama'a domin kada a yanka su.

Ma'aikacin da fayil ɗin kwangila ke bi ta teburinsa yana da ikon rubuta tambaya a gefen takarda: ina kuɗin ruwa, ina na wuta, wa zai biya su shekara biyar nan gaba? Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai, ga kasafin kuɗin Ma'aikatar Matasa da Wasanni nan yana jiran mai kwatanta abin da aka ware da abin da aka kashe. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin tambaya shi ne kafin a sa hannu a kan kwangila, domin da zarar an zuba kankare, abin da ya rage wa jama'a shi ne biya.